Onnagata: mazan da ke fitowa a matsayin mata a wasan kabuki na Japan

Me ya sa namiji zai fito a mace alhali ga mata a gari?

Doka ce ta jawo. Kabuki wasan kwaikwayo ne na gargajiya mai haɗe da rawa da kiɗa. Mace ce ma ta ƙirƙiro shi, wato Izumo no Okuni, wadda ta fara rawarta a birnin Kyoto wajen 1603, kuma ita kanta takan yi shigar maza. Da wasan ya cakuɗe da karuwanci da rigimar 'yan kallo, gwamnatin Tokugawa, mai mulkin Japan a lokacin, ta hana mata hawa dandali a 1629. 'Yan samari suka maye gurbinsu, fitinar ta dawo sabuwa, su ma aka hana su a 1652. Sai ya rage magidanta kawai, kuma dole su aske gashin goshi. Masu fitowa a mata suka riƙa rufe askin da ɗan ƙyalle mai launin shunayya. Su ake kira onnagata.

Yaya ake kwalliyar?

Da farko a ɗaure kai tamau da ƙyallen siliki, habutae, don a ɓoye gashi. Sai a murza wani mai mai kauri kamar kakin zuma, bintsuke, a tafin hannu har ya yi laushi, a shafe fuska da wuya da ƙeya, a danne gira da mai wanda ya fi shi tauri. Bayan nan a dama farar hoda, oshiroi, da ruwa, a shafa da faffaɗan buroshi, a bi da soso ana daddannawa. A sa ɗan ja a gefen ido, a zana gira sama da ta asali, a zana leɓe ƙarami. Hular gashi ce ta ƙarshe, kuma a kan farantin ƙarfe da aka auna da kan ɗan wasan ake dasa gashinta.

Inda ake kuskure shi ne wajen man. Idan bai bazu daidai ba, farin zai yi dabbare-dabbare, gumi kuma ya tsattsaga shi. A da hodar na ɗauke da dalma, gubar nan da mutanen Zamfara suka san illarta, kuma ita ta nakasa shahararren onnagata Nakamura Utaemon na biyar.

To jikin namiji fa?

Nan aikin yake. Ɗan wasa zai ɗan rusuna don ya rage tsawo, ya haɗe gwiwoyi, ya karkatar da yatsun ƙafa ciki. Masu koyo kan maƙala takarda tsakanin gwiwoyi su yi ta tafiya; ta faɗi, a sake. Allon kafaɗa a ja shi baya a sauke ƙasa, sai kafaɗa ta zube, wuya ya ƙara tsawo. Yatsu a haɗe, rabin hannu cikin riga. Wanda ya tsaya ga siranta murya kawai, dariya zai ba mutane. Ba wata mace ta zahiri ake kwaikwaya ba, siffa ce da mazan suka gina tsawon ƙarnoni.

Wannan ba daudanci ba ne?

Da bambanci. Ɗan daudu da halinsa yake yawo a kasuwa da gidan biki. Onnagata na yau sana'a yake yi, sau da yawa ta gado, ya wanke fuska ya koma gida. Sai dai a da iyakar ba ta fito haka ba: Yoshizawa Ayame, wani fitaccen onnagata da ya rasu a 1729, ya koyar cewa sai ɗan wasa ya zauna kamar mace ko a wajen dandali, alhali shi kansa yana da mata da 'ya'ya.

Akwai matan da ke fitowa a maza?

Akwai. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Takarazuka a Japan, da ta fara wasa a 1914, mata ne zalla, kuma masu fitowa a maza, otokoyaku, su ne manyan taurarinta. Akasarin 'yan kallonsu ma mata ne.