Kula da Birki da Tsarin Sanyaya Injin Mota da Kanka

Kula da birki da tsarin sanyaya injin mota da kai shi ne mai mota ya riƙa duba waɗannan sassa biyu, ya canza abin da ya cinye ko ya tsufa a cikinsu da hannunsa, ba sai mota ta tsaya ba sannan a nemi bakanike. Akan haɗa su a magana ɗaya saboda aikinsu ya yi kama. Dukansu ruwa ne a cikin bututu a rufe, dukansu da zafi suke fama, kuma lalacewarsu a hankali take tafiya, ba ta bayyana sai ta yi nisa. Birki yana mayar da gudun mota zafi ta hanyar guga, shi kuwa tsarin sanyaya yana kwashe zafin da ƙonewar mai ke bari a jikin injin. Mafi yawan wannan aiki na ido ne da kunne, kaɗan ne daga ciki ke buƙatar sifana.

Asali

A 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga a Faransa, a shekarar ce kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai a Ingila. Birkin farko da sanduna da wayoyi ake jan sa. Malcolm Loughead na Amurka ne ya kawo birki mai aiki da matsin ruwa, kuma motar Duesenberg Model A ta 1921 ta fito da shi a tayoyinta huɗu. Birkin faifai ya shiga motocin kasuwa sosai da Citroën DS a 1955, sannan na'urar ABS ta zamani, mai hana taya ƙamewa a lokacin birki, ta bayyana a Mercedes-Benz S-Class a 1978 da haɗin gwiwar kamfanin Bosch. Ta ɓangaren sanyaya, lagireto mai ƙananan ramuka wanda Wilhelm Maybach ya ƙera wa motar Mercedes ta 1901 shi ne kakan na yau.

Yadda birki ke kamawa

Idan direba ya taka feda, tana tura fistin a cikin masta, wato babbar silindar da ke ƙarƙashin tankin man birki. Matsin ya bi bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa kowace taya, bisa ƙa'idar da Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufe yana isa ko'ina cikinsa daidai. A birkin faifai, kalifa ce ke matse fatun birki biyu a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. A birkin ganga kuwa, fatun ne ke buɗewa su goge cikin gangar. Motocin zamani hanya biyu ce da su daga masta, domin idan ɗaya ta ɓule ɗayar ta riƙe.

Duk wannan ya dogara ne ga abu guda: ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Da zarar iska ko tururi ya shiga bututu, ƙarfin ƙafar direba sai ya ƙare wajen matse kumfar, feda ta yi laushi ko ta nutse har ƙasa.

Man birki

A nan aka fi yin sakaci, domin man birki ba ya ƙarewa kamar fetur, ba ya kuma baƙi da sauri kamar man injin, sai a manta da shi shekara da shekaru. Alhali irin da aka fi amfani da shi, wato DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, yana tsotsar danshi daga iska, kuma danshin yana sauke matakin tafasarsa. Ƙa'idar Amurka da waɗannan lambobi suka fito daga gare ta ta ce sabon DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salsiyas, amma idan ya sha ruwa kashi 3.7 cikin ɗari, iyakar takan sauka zuwa 140. DOT 4 daga 230 yake zuwa 155, DOT 5.1 kuma daga 260 zuwa 180. Mota mai kaya da ke sauka doguwar gangara da ƙafa a kan birki tana iya kai kalifa wannan zafi. Man ya tafasa, tururi ya cika bututu, direba ya taka ya ji wayam. Bayan an tsaya ya huce sai birkin ya dawo kamar ba abin da ya faru, wannan ne ya sa wasu ba sa gane musabbabin. Shi ya sa kamfanonin mota da yawa suka ce a canza shi duk shekara biyu, ko an yi tafiya ko ba a yi ba.

DOT 5 daban yake, da silikon aka yi shi, kuma ba a gauraya shi da sauran. Man injin ko man sitiyari kuwa idan ya shiga tankin birki yana kumbura robobin ciki, gyaran kuma sai an canza kusan duk wata roba da ya taɓa. Irin da mota ke sha a rubuce yake a kan murfin tankin. Man birki yana cin fenti, don haka inda ya ɗiga a wanke da ruwa nan take, kuma gorar da aka buɗe ta daɗe a ajiye ba ta da amfani.

Akwai abin da ya kamata a gane game da saukar man a tanki. Yayin da fatu ke cinyewa, fistin da ke cikin kalifa na ƙara fitowa, man ya bi shi, sai matakin ya ɗan sauka. Wannan ba yoyo ba ne, shaida ce cewa fatu sun yi nisa. Wanda ke cika tanki duk lokacin da ya ga ya ragu yana share wa kansa wannan shaida, kuma ranar da aka mayar da fistin ciki man zai tumbatsa. Saukar da ta zo farat ɗaya ita ce yoyo, a nemi jiƙa a bayan tayoyi, a jikin tiyo da ƙarƙashin masta, kada kuma a tuƙa motar.

Canza fatar birki

Sabuwar fata kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, ana kuma canza ta idan ta kusa 3. Da yawa suna da ɗan ƙarfe da ke fara gogar faifai ya yi ƙara mai tsini idan lokaci ya yi. Idan ƙarar ta koma gurnani, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, faifan ma ya shiga lissafi. Fedar da ke rawa a ƙafa alama ce faifai bai daidaita ba, motar da ke ja gefe ɗaya kuwa sau da yawa kalifa ce ta maƙale.

Ana tsayar da mota a wuri mai tauri da daidaito, a sa waigi a tayoyin da za su zauna a ƙasa, a sassauta notina tun taya na ƙasa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba. Sai an sa ƙafafun ƙarfe na tallafi kafin hannu ya shiga ƙarƙashi. Bayan an cire taya, a kwance ƙusoshin kalifa, a zare ta, a rataye ta da waya a jikin sifirin. Ba a barinta tana lilo a tiyo, domin nauyinta na iya tsinka zaren cikinsa ba tare da an ga komai a waje ba. Kafin a jefar da tsofaffin fatun a haɗa su a duba. Idan ta ciki ta cinye fiye da ta waje sosai, sandunan da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe, sai a zare su, a goge, a shafa musu giris na birki wanda ba ya cin roba. Sannan a buɗe murfin tanki, a mayar da fistin ciki sannu a hankali da matsi, ana amfani da tsohuwar fata a matsayin kariya. Fistin na baya a motoci da yawa murɗa shi ake yi ba turawa ba, saboda hambirki da ke cikinsa, masu hambirkin lantarki kuma sai an sa su a yanayin gyara tukuna.

A jikin faifai akwai lamba da aka buga ta mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi, wanda ya kai ta ya gama aiki. Fatu ana canza su ne hagu da dama tare. Giris ko mai kada ya taɓa fuskar fata ko ta faifai. Ƙurar birki ba a hure ta da baki ko da iska, domin tsofaffin fatu da wasu marasa inganci suna ɗauke da asbestos mai lahani ga huhu; da maganin feshi na wanke birki ake sauke ta.

Matakin da aka fi mantawa shi ne na ƙarshe. Kafin mota ta motsa, a taka feda sau da dama har ta yi tauri, domin takun farko fistin yake fitowa da shi, ba ya kama komai. Notinan taya a ɗaure su a gicciye, gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa. A kimanin kilomita 200 na farko a guji birki mai tsanani, fata da faifai su saba da juna.

Fitar da iska

Aikin mutum biyu ne. Ɗaya na kujerar direba, ɗaya na gindin taya da ƙaramar sifana da siririn tiyo mai nuna ciki, bakinsa a nutse cikin kwalba mai ɗan man birki. Na ƙasa ya ce «Taka!», na sama ya taka sau uku. «Riƙe!», sai ya danne. Na ƙasa ya buɗe ɗan notin fitar da iska, man ya fito da kumfa, feda ta nutse, ya rufe, sannan ya ce «Saki!». Idan aka saki feda kafin a rufe, iskar za ta koma. Haka za a yi ta yi har man ya fito garau babu kumfa. Galibi akan fara da tayar da ta fi nisa da masta, ko da yake wasu motoci tsarinsu daban ne. Ido ya kasance a kan tanki, in ya ƙafe an koma farko.

Tsarin sanyaya

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da injin ya ƙona ta wannan tsari yake fita. Famfon ruwa na zagaya ruwan cikin ramukan jikin injin, ya kai shi lagireto, iskar tafiya ko fanka ta sanyaya shi ya dawo. Injin ya fi aiki da kyau tsakanin digiri 90 da 105, kuma tamostat ne ke tsare wannan iyaka: yana rufe hanyar lagireto har ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 95, gwargwadon mota, sannan ya buɗe. Cire shi da ake yi a ƙasashe masu zafi don maganin zafin injin kuskure ne. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai da yawa, yana kuma saurin cinyewa, ainihin matsalar, ko toshewar lagireto ce ko mutuwar fanka, tana nan inda take.

Ruwan sanyaya haɗi ne na ruwa da sinadarin etilin gilaikol da magungunan hana tsatsa. Rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili, ba ya kuma tafasa sai wajen 107. Murfin lagireto yana riƙe matsi na kimanin «bar» 1 a ma'aunin matsi, wanda ke ɗaga tafasar ta haura 120. Don haka murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa amayar da ruwa. Ruwa zalla yana kwashe zafi sosai, amma yana kawo tsatsa, na famfo ko na rijiya kuma yana barin gishiri ya toshe siraran hanyoyin lagireto. Tataccen ruwa ake haɗawa da shi. Tsohon nau'in ruwan sanyaya shekara biyu yake yi, na zamani kan kai biyar. Launi ba hujja ba ne, kore ko ja rini ne kawai, a bi abin da littafin motar ya ambata.

Ana dubawa ne injin na sanyi. Ruwa ya tsaya tsakanin layuka biyu na jikin tanki. A matsa tiyo da hannu: wanda ya yi tauri kamar itace, ko ya yi laɓo-laɓo, ko ya kumbura kusa da maɗauri, lokacinsa ya yi. Busasshen tabo fari ko mai launi a gindin famfon ruwa alamar yoyo ne. A motocin da bel ɗin taimin ke juya famfon, akan canza su tare tunda aikin kwancewar ɗaya ne.

Wajen canza ruwa, a tsiyaye tsohon ta ƙasan lagireto cikin mazubi, a ɗauraye, a zuba sabo sannu a hankali, a tada injin da hita a buɗe har fanka ta tashi, domin iskar da ta maƙale ta fita. Bayan ya huce a ƙara abin da ya ragu.

Idan allurar zafin injin ta hau ja

A kashe na'urar sanyaya cikin mota, a kunna hita har ƙarshe domin ta ɗebi wani zafin, a sauka gefen hanya a kashe injin. Ba a buɗe murfin lagireto da zafi, ko da tsumma: ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana tafasa nan take ya feso, ƙunarsa kuma mai tsanani ce. A jira aƙalla rabin awa. Ruwan sanyi a injin mai zafi yana iya tsaga ƙarfe. Ci gaba da tafiya na 'yan mintoci kaɗan ya isa ya ƙona gaskit ɗin kan injin ko ya lanƙwasa kan da aka yi da alminiyam. Alamun hakan su ne farin hayaƙi mai yawa daga salansa, kumfa a tankin ruwa, man injin da ya koma ruwan madara, da ruwan da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba.

Iyakar aikin gida

Gaskit ɗin kan injin, canza bututun birki na ƙarfe, da iskar da ta shiga na'urar ABS, wadda a motoci da yawa sai da kwamfutar gwaji take fita, ayyukan ƙwararru ne. Haka motoci masu lantarki da masu haɗa lantarki da fetur, waɗanda wayoyinsu masu ruwan lemo ke ɗauke da wuta mai kisa. Tsohon man birki da ruwan sanyaya ba a zubar da su a ƙasa ko a magudana. Etilin gilaikol guba ne mai zaƙi, kaɗan daga cikinsa na lalata ƙodar yaro ko dabba, saboda haka a zuba shi a jarka mai murfi, a rubuta abin da ke ciki, a kai inda ake karɓar tsohon man mota.