Wai mene ne limfidima ɗin nan da ake ta faɗa?

Da Oktoba ta kama, watan wayar da kai kan sankarar mama, kowace tashar rediyo sai ka ji limfidima limfidima, wani mai gabatarwa har cewa yake wai tundurmi ce ta hannu. Abin nan yana ba ni haushi wallahi. Limfidima kumburi ne da ke zuwa in ruwan jiki ya rasa hanya ya taru. Tundurmi ma irin wannan kumburin ce, amma tsutsar da sauro ke sa wa mutum ce ke kawo ta, wannan ta masu sankarar mama kuwa bayan tiyata take zuwa.

A hammata akwai 'yan ƙullutai, su ne suke tashi mu ce kaluluwa in an ji ciwo a yatsa, aikinsu tace wani farin ruwa da ke yawo a jiki. In za a yi wa mace aikin sankarar mama likita kan cire su don nan cutar ta fi saurin zuwa, wani lokacin a ƙara da gashin na'ura na kashe sankara, to kamar an toshe kwata ne, ruwan hannun ya rasa hanya sai ya taru. Kusan mace 1 cikin 5 da aka kwashe wa su tana samu, in ƙwaya ɗaya ko biyu aka cire abin ya ragu sosai. Kuma ba lallai nan take ba, yana iya kai shekara 2 ko 3.

Inda aka fi cutar matan nan shi ne "Hajiya kar ki motsa hannun, kar ki ɗauki ko buta". A 2009 binciken Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya nuna ɗaga nauyi sannu-sannu, ana ƙarawa kaɗan kaɗan, bai ƙara kumburin ba, tashinsa ma raguwa ya yi. Masu gashin ƙashi na asibiti su ne za su nuna mata yadda ake yi, su auna mata safar hannu mai matsewa.

Abin gudu shi ne rauni. Kaushi, ƙunar girki, yankan farce har cikin nama, uwa uba a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga wai a fitar da mugun jini, alhali masu tace ƙwayoyin cuta na hannun sun ragu. Ƙiba ma tana ƙara haɗarin, Lasix ɗin kemis, maganin nan mai sa fitsari, kuma ba ya kwashe irin wannan ruwan.

In zobe ko awarwaro ya fara matsewa a je likita ya duba, don gudan jini ko dawowar cutar ma suna kumbura hannu. In ya yi ja, ya ɗau zafi ga zazzaɓi, ranar za a tafi asibiti.