Kafin a sayi kaye da bik, a duba jikin yaron

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ta Damagaram a 'yan kwanakin nan ya san an kusa komawa lakwal. An jibge kaye da bik da alluna, teloli sun fara ƙin karɓar sabon ɗinki, magidanta kuma sai lissafi suke yi: yara nawa, jika nawa. Wannan duk shiri ne mai kyau. Amma mu da muke aiki a likita akwai wani shirin da muke ganin an bar shi a baya, kuma shi ne yake kwantar da yara tun makonnin farko na karatu.

A nan Nijar ana buɗe lakwal ne a watan Oktoba, daidai ƙarshen damina, lokacin da sauro ya gama cika gari kuma masassarar cizonsa ba ta sauka ba tukuna. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana bayarwa kowane wata a cikin damina na yara ne masu wata 3 zuwa wata 59. Kula da lafiya kyauta da gwamnati ta kawo tun 2006 ita ma ta 'yan ƙasa da shekara 5 ce. Wato yaron da zai shiga ajin farko (CI) bana ya riga ya fita daga duka biyun, balle yayansa na aji shida (CM2). Ga shi kuma a gidaje da yawa sange ɗaya ko biyu ne, sai a bar wa mai jego da jinjiri, a ce manyan yaran ai sun yi ƙwari. Ba su yi ba. Su ne suke kwana a tsakar gida kan tabarma, ƙafa a waje, sauro yana cin kasuwarsa har asuba.

To, iyayena mata, a fito da sangen nan a duba. Inda ya huje a sa zare da allura a ɗinke. In an wanke shi a shanya a inuwa, domin rana tana rage ƙarfin maganin da ke jikinsa. Wanda kuma aka kai garka aka kewaye dashen tumatir da shi, ko aka ɗaure harawa, a yi haƙuri a maido shi ɗaki. Malam maigida, cikin lissafin kuɗin kaye a ware ɗan wani abu a ajiye gefe na magani, tunda yaron lakwal sai an biya ake duba shi.

In jikin yaro ya yi zafi, kada a jira kwana biyu ana cewa sauyin iska ne. A kai shi CSI, wato ƙaramar likita, mafi kusa a ranar. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an san ko masassarar sauro ce ko wani abu daban. In ita ce, maganin na kwana 3 ne, kuma sai an shanye shi duka. Abin da yake ba ni takaici shi ne yaron da aka ba magani kwana ɗaya, ya tashi ya yi wasa, sai a ɓoye sauran ƙwayoyin a cikin kwalla don wani ya kwanta. Bayan mako biyu ciwon ya dawo, an yi asarar kuɗi, an yi asarar karatu. Ƙwayoyin masu talla da suke yini a tire cikin rana kuwa, ba wanda zai iya tabbatar muku da abin da ke cikinsu. Idan kuma aka ga jijjiga, ko amai ba tsayawa, ko yaro ya kasa shan ruwa, ko barci mai nauyi da ba a iya tada shi, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko da tsakar dare ne a ɗauke shi a tafi.

Sai maganar tabki. Bayan ruwa ya ɗauke, tabkunan cikin gari da na ƙauyuka suna nan cike, kuma yara maza ba sa jin kira. A can ake ɗauko tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin wasu 'yan ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan, ta huda fatar mai wanka ta shiga. Alamarta jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu ɗaukar wannan a matsayin alamar yaro ya fara girma, alhali ciwo ne da yake shan jininsa a hankali, ya bar shi da kasala a cikin aji. Yaro ba zai zo ya faɗa da kansa ba, kunya yake ji. Uba ya ja ɗansa gefe ya tambaye shi. Tana da magani, kuma idan aka zo raba shi a lakwal tare da na tsutsar ciki, a bar yaro ya sha, amma a tabbata ya ci abinci kafin nan.

A nemo katin rigakafi ma, duk inda aka cusa shi. Jihar Damagaram ta sha fama da sanƙarau daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, a 2023 ɗin kuma mashaƙo ya ɓulla a yankin Matamaye. Cututtuka ne da suke bin numfashi da tari, kuma aji mai cunkoson yara wuri ne da suke saurin yaɗuwa. A kawo katin mu duba, na ɗan lakwal da na ƙannensa da yake dawowa ya tarar a gida.

Karin kumallo ba sai an yi wani abin a zo a gani ba. Koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwo, ko fura, duk sun isa, in dai yaro bai fita da ciki wayam ba. A ba shi gorar ruwansa mai murfi, a riƙa wanke ta kullum. Kowa ya san halin ruwa a garin nan, ba kowace lakwal ce ke da famfo mai zuba ba.

Wani gwajin kuma a gida ake yinsa, ba ko dala. A rubuta 'yan haruffa ko a zana wani abu a allo, a tsayar da yaro a ɗaya ƙarshen tsakar gida, a rufe masa ido ɗaya sannan ɗayan. A kuma kira sunansa a hankali daga bayansa. Akwai yaran da ake yi wa laƙabin daƙiƙai shekara da shekaru, ashe allon ne ba sa gani, ko kunne ne yake zubar da ruwa tun suna ƙanana. In an lura da haka a kawo shi a duba, a kuma roƙi mushe ko madam su zaunar da shi a gaba. Haka ma mai sikila, ko asma, ko farfaɗiya: a faɗa wa malamin ajin tun ranar farko, a bar masa lambar wayar da za a samu wani babba a gida, don ya san abin da zai yi in ciwon ya tashi ana tsakiyar darasi.