Idan hoto ya fara fitowa rabi, a cire memorin nan take

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ba na son faɗa, amma yau sai na yi. Aikina shi ne wayar da kan mutane kan yadda za su kula da wayoyinsu da kwamfutocinsu, kuma da wuya mako ya wuce ba a miƙo mini memori ana cewa, "Malam, hotuna sun ƙi buɗewa." Tambayata ta farko kullum ɗaya ce: yaushe aka fara ganin matsalar? Sai a ce ai ya kai wata biyu. To a cikin wata biyun me aka yi? "Na ci gaba da ɗauka, ai sababbin suna fitowa lafiya." A nan aka kashe hotunan. Kai da hannunka.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo da ɗansa, memorin a naɗe cikin takarda. Hotunan mahaifiyar dattijon ne da ta rasu. Ya ce da farko hoto ɗaya ne ya canza: fuskarta zuwa kafaɗa tana nan sarai, daga nan zuwa ƙasa toka-toka kamar an shafe da siminti. Bai damu ba. Bayan kwanaki wayar ta ce katin na da matsala, ko a yi masa fomat? Yaron ya danna eh. Har a nan da sauran gyara. Amma sai suka ga kati ya dawo fili, suka cika shi da bidiyo. Na zauna a kansa tun safe har la'asar, abin da na ciro bai taka kara ya karya ba. Na ce masa, "Baba, da ranar da aka yi fomat ɗin kuka kawo shi, da yawancinsu sun dawo." Bai ce komai ba, ya naɗe katinsa.

Ku gane abu ɗaya, ba sai na yi dogon bayani ba. Idan aka goge hoto ko aka yi fomat na gaggawa, jerin sunayen kawai ake sharewa, hotunan suna kwance a cikin katin. Abin da ke hallaka su shi ne sabon abu da aka ɗora a kansu. Kowane sabon hoto, kowace waƙa da aka tura, tana iya sauka a kan hoton da kake nema. Wanda aka rubuta wani abu a kansa kuwa ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi, ko ta kuɗi ko ta kyauta. Don haka nake maimaitawa har kuna gajiya da ni: kati ya nuna alama, a daina ɗauka a kansa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Rabin hoto ya zama toka. Launi ya juye daga tsakiya, ƙasan ya koma kore ko ruwan hoda. Hoto ya goce kamar an yanka shi an liƙa a karkace. Suna yana nan amma girman fayil ɗin sifili ne. Sunayen folda sun koma wasu haruffa marasa kan gado. Akwai kuma wadda ta fi yaudarar mutane: ƙaramin hoton da ke cikin jeri yana da kyau, amma da ka taɓa shi sai ya ƙi buɗewa. Wannan ƙaramin kwafi ne daban da kyamara ke ajiyewa a cikin hoton JPEG, ko wanda waya ta adana tun da farko. Yana iya zama lafiya alhali babban ya lalace. Kada ka leƙa jeri ka ce komai lafiya, buɗe su ɗaya bayan ɗaya.

Ba kuma duk hoton da ya ƙi buɗewa ne ya lalace ba, kada a tayar da hankali a banza. Tun 2017 wayoyin iPhone ke ajiye hoto a tsarin HEIC, kuma tsohuwar kwamfuta ba lallai ta gane shi ba. Haka hotunan RAW na manyan kyamarori, suna buƙatar manhajarsu. Wani lokacin ma matsalar daga igiyar haɗa na'urar da kwamfuta ce ko abin karanta katin. A gwada a wata na'urar tukuna. Gwadawa fa na ce, buɗewa kawai, ba ɗora sabon abu ba.

Me ke jawo lalacewar? Fizge kati ko filashi ana tsakiyar tura abu, batir ya mutu ana ɗauka, tsufan kati, sai kuma jabun kati. Jabun nan a jikinsa an rubuta giga 128, wayar ma ta nuna haka, amma cikinsa bai kai ko kusa ba. Zai yi ta karɓar hotuna, da ya wuce ainihin cikinsa sai abin da ka ɗauka ya zama iska. Sabon kati, a gwada shi da manhajar gwajin kati H2testw ko F3 kafin a ba shi amana. Amma ko jabun ne, wanda ya tsaya da wuri yana tsira da wani abu. Mai ci gaba da ɗauka ne ke tashi hannu biyu babu komai.

Ga abin yi, a taƙaice:

- Kashe wayar ko kyamarar, cire katin. Idan babban katin SD ne, ko ƙarami ne da ke cikin gidansa (adafta), ja ɗan makullin gefen don kada a iya rubutu a kansa.
- Na'ura ta ce a yi fomat, ka ce a'a. Windows ta ce bari ta gyara, ka ce a'a tukuna, gyaran nata ma rubutu ne a kan katin.
- Kwafe duk abin da ke buɗewa zuwa kwamfuta. Kwafi, ba yanka da liƙawa ba.
- Sannan a nemo ɓatattun da manhajar dawo da fayiloli PhotoRec ko Recuva. Abin da suka ciro a ajiye shi a wani wuri, ba a kan katin ba. Na ga masu zuba shi a kan katin, Allah ya ba ni haƙuri.
- Katin da ya taɓa yin haka, ya yi ritaya.

Batun gyara kuma, gaskiya ɗaya ce. Idan kan fayil ɗin ne ya lalace, wato bayanin farko da ke gaya wa na'ura yadda za ta karanta hoton, wanda ya iya yana iya aro kan wani lafiyayyen hoto da aka ɗauka da kyamara ɗaya da saiti ɗaya, ya ɗora masa, sau da yawa ya buɗe. Ku zo da irin wannan hoton idan za ku kai gyara, kuma a yi aikin a kan kwafi. Idan kuwa wurin tokar babu komai a cikinsa, babu ne. Sai dai a ciro ƙaramin kwafin nan, ko a yanke hoton a bar rabin da ya tsira. Manhajojin da ke cewa za su cike maka fuska, ƙirƙira suke yi. Za ka samu fuska mai kyau, amma ba ta mahaifiyarka ba ce.

Kafin ka yanke ƙauna, tambayi 'yan uwa. Wanda ka taɓa tura wa ta WhatsApp yana iya kasancewa da shi, ko da an rage masa inganci. Duba Google Photos ko iCloud, wataƙila wayar ta ajiye ba ka sani ba. Dattijon nan ma a wayar ƙanwarsa aka samo guda biyu, ɗaya har da ɗan dishi-dishi. Da ya dawo ya nuna mini, ban bar shi ya tashi ba sai da muka kwafe su a wuri uku.