Layin ci gaba a jerin wiki: me ake nufi da shi?

A rubutun wiki, da 'yan alamomin kibod ake tsara shafi. Tauraro a farkon layi yana ba da ɗigo, alamar # tana ba da lamba. Layin ci gaba shi ne layi na biyu ko na uku da marubuci yake so ya zauna ƙarƙashin lamba ɗaya, kada ya tashi a matsayin sabon abu.

A ce malamin gona a Ringim yana jera matakan adana wake a buhun PICS mai ninki uku. Mataki na 2 dogo ne: a zuba busasshen wake a ledar ciki, a matse iska, a murɗe bakin a ɗaure tam. Sai ya sauka sabon layi ya ƙara gargaɗi cewa leda mai huda ba ta kashe ƙwari. A MediaWiki, manhajar da Wikipedia ta Hausa take kai, saukar nan ta rufe jerin. Gargaɗin ya zama sakin layi mai zaman kansa, matakin da ya kamata ya zama na 3 kuma ya koma 1. Ko layi fanko aka bari tsakanin lambobi, haka za a gani. Maganinsa shi ne a fara layin gargaɗin da #: (wato # da ɗigo biyu), ko a sa alamar karya layi ta <br> 
 a ci gaba da rubutu a layi guda.

Markdown, wani salon tsara rubutu da alamomi wanda John Gruber ya fitar a 2004, da tura rubutu ciki yake warware matsalar. A ƙa'idar CommonMark, wadda ta daidaita dokokin Markdown, in ana son sakin layi na biyu ya zauna cikin lambar, dole ya fara daidai inda rubutun sama ya fara: tazara 3 ƙarƙashin "1. ", tazara 4 ƙarƙashin "10. ". In ta gaza, ya fice daga jerin. In ta zarce da 4, sai a ɗauke shi lambobin kwamfuta ne, a nuna shi a tsaye yadda yake. Mai rubutu da babban yatsa a kan waya ba zai zauna yana ƙirga tazarar da ba ta ganuwa ba.

Creole 1.0 ta 2007, wata ƙa'idar rubutun wiki ta daban, ta fi sauƙi. Abu yana ci gaba har sai an tarar da sabon tauraro ko #, ko layi fanko, ko kanu, ko tebur. Sai dai haɗe layukan ake yi su zama jimla a jere. Mai son karya layi a fili zai sa \\.

To, ya kamata a yarda da layin ci gaba? Ya kamata, kuma tsarin Creole ya fi dacewa da mai waya, domin babu ƙirga. Tarkonsa ɗaya ne: wanda ya manta barin layi fanko bayan jeri, sakin layin da ya biyo baya zai shige cikin lambar ƙarshe, bayani kan farashin wake a Dawanau ya manne da matakin ɗaure buhu. Wannan ne kuma ya sa sauya MediaWiki yanzu zai yi wuya, don miliyoyin shafuka an rubuta su a kan cewa sabon layi yana rufe jeri.