Tukunyar mai nutso ba oksijin zalla ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka tukunyar da mai nutso ke goyawa cike take da oksijin zalla. Da haka ne, da ba wanda zai dawo da rai daga jiragen yaƙin Jamus da ke kwance a ƙarƙashin teku a Scapa Flow, arewacin Sikotland, tun 1919. Ɗaya daga cikinsu, Markgraf, yana zurfin kusan mita 45, alhali oksijin zalla kan zama guba da an wuce mita 6: jiki ya kama jijjiga kamar farfaɗiya, bututun numfashi ya kuɓuce daga baki, ruwa ya shiga huhu.

Yawanci iskar da muke shaƙa ce a cikin tukunyar, an tace, an busar, an matse ta: oksijin kashi 21 cikin 100, saura kusan duk naitirojin.

Naitirojin ɗin ma abin tsoro ne. Wajen mita 30 yakan sa maye, in an taso da gaggawa kuma ya yi kumfa a jini. Shi ya sa ake tasowa mita 9 a minti, a dakata minti 3 a mita 5. Busar da iskar kuwa dole ne, don a ruwan sanyi danshi kan daskare cikin na'urar numfashi, iska ta yi ta zuba har tukunya ta ƙare.