Ma'anar "no cap" da sauran kalmomin Turanci masu kama da juna a kunne

Duk mai yawan leƙa TikTok ko X, da wuya a ce bai taɓa ganin wanda ya rufe maganarsa da "no cap" ba. Ka buɗe ƙamus, ya ce maka cap hula ce. To idan wani ya yabi tsiren mai nama ya rufe da "no cap", me ya haɗa "babu hula" da yabon tsire? Babu. A sarar matasan Amurka, cap na nufin ƙarya ko cika baki, "no cap" kuwa tamkar ka ce "tsakani da Allah" ne, ko "ba da wasa nake ba". Ma'anar ta fito daga Turancin baƙaƙen fatan Amurka, mawaƙan birnin Atlanta suka yayata ta wajajen 2017, intanet ta kai ta ko'ina. Shi ya sa idan wani ya zo da shaci-faɗi za ka ga an jera masa hoton shuɗiyar hula a ƙarƙashin rubutunsa. Ƙaryata shi ake yi.

Ko a ƙamus ɗin ma, cap ba ta tsaya ga hula ba. A harkar ƙwallo, adadin wasannin da ɗan wasa ya buga wa ƙasarsa ake nufi, domin a Ingila tun 1886 ake ba wanda ya wakilci ƙasa hula ta gaske a matsayin shaida. Idan aka ce Ahmed Musa ya haura cap 100 a Super Eagles, wasanni ake ƙirgawa. A labarin tattalin arziki kuma, iyaka ce da ake sa wa farashi ko kashe kuɗi don kada ya wuce gona da iri.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne a kunne. Hausa wasula biyar take da su, kowanne da gajere da dogo, Turanci kuwa sautukan wasulansa sun haura goma. Ga kuma harafin p da bakinmu ke karkata shi zuwa f. Sai cap da cup da cop su taru su koma kusan abu ɗaya. Cup mun san shi, shi ne kofin da muka ara, na shan shayi da na gasar duniya. Cop kuwa ɗan sanda ne a maganar yau da kullum, amma asalinta aikatau ce mai ma'anar cafkewa, daga nan sunan mai cafke ɓarawo ya samo tushe. Matasa suka sake murɗa ta zuwa saye. Wanda ya ɗora hoton sabon takalmi ya rubuta "just copped" ba 'yan sanda ne suka kama shi ba, cewa yake yanzu ya sayo.

Ship da sheep kuwa bai kamata su ba Bahaushe wahala ba, tunda ya san bambancin garin da ake zama a ciki da garin tuwo. Jan wasali ne kawai ya raba su, haka ma waɗannan biyun. Ship mai gajeren wasali jirgin ruwa ne. A sara kuma, fatan ganin wasu mutum biyu sun zama masoya ne, an gutsuro ta daga wutsiyar kalmar relationship, kuma masu kallon fina-finan talabijin ne suka fara amfani da ita a intanet a shekarun 1990. Sheep mai dogon wasali tunkiya ce, amma idan an jefi mutum da ita, ana nufin ɗan bi-yarima-a-sha-kiɗa, wanda ba ya tunani da kansa. Ka ja wasalin inda bai dace ba, fatan alheri ya koma zagi.

Akuya ita ce ta fi kowa sa'a. A Najeriya ka ce wa mutum goat, ka shirya wa faɗa. A filayen wasan Amurka ma a da, goat shi ne ɗan wasan da ya jawo wa ƙungiyarsa shan kashi. Yau kuwa GOAT da manyan baƙaƙe taƙaitawa ce ta "greatest of all time", wato gwanin da ba a taɓa yin kamarsa ba. Ana danganta ta da ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda matarsa Lonnie ta yi rajistar kamfani da wannan suna a 1992. Ita ce kalmar da magoya bayan Messi da na Ronaldo ke ta ja-in-ja a kanta a gidajen kallon ƙwallo. A baki dai babu manyan baƙaƙe, don haka ni ban ba da shawarar ka gwada ta a kan surukinka ba.

Ƙamus ba ya ƙin sara, jinkiri kawai yake yi, sai ya ga kalma ta zauna da gindinta. Rizz, wadda kunne zai iya ɗauka shinkafa ake kira, tana nufin iya tsara zance da jan hankalin wanda ake so, kuma masu wallafa ƙamus na Oxford sun zaɓe ta kalmar shekarar 2023. Saboda haka idan ma'anar farko ba ta shiga jimlar da ke gabanka ba, gangara ƙasa ka duba inda aka sa alamar slang ko informal. Shafin Urban Dictionary, wanda aka kafa a 1999, ya fi saurin kamo sababbin kalmomi, sai dai kowa na iya rubuta abin da ya ga dama a cikinsa, wasu ma'anonin zolaya ce tsagwaronta, wasu kuma batsa.